Daren da Muka Juya wa Akra Baya

Wanda ya taso daga Kano ya gangaro Akra, har saman da ke kansa sai ta goce masa. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Akra kuwa tana kan biyar da rabi. Wannan tazarar ta digiri shida da ɗoriya ita ke dankwafar da taurarin arewa zuwa ƙasa, ta ɗago na kudu da daidai wannan gwargwado. Ni dai biki ne ya kai ni, auren 'yar kawuna da ke zaune a Nima, a ƙarshen watan Maris. Amma da yake na san inda na dosa, sai na cusa ɗan madubina na hangen nesa mai ido biyu a cikin jaka, tsakanin shadda da turaren wutar da aka ba ni saƙo.

Ta mota na bi: Legas, Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflawo inda ake shiga Gana. A taswira hanyar ba ta da wani nisa, shingaye ne ke cinye wa mutum yini.

Nima ba ta kwanciya da wuri. Bayan isha'i ne ma titi ke cika: masu tsire, masu shayi da ƙwai, samari a majalisarsu, 'yan kamashon motocin haya da ake kira tirotiro suna ta kiran fasinja, ga Hausa tana tashi ta kowane lungu, irin wadda ta sha ruwan Gana har ta yi nata launi. Unguwar da ta fara a matsayin zangon Malam Futa a farkon shekarun 1930, yau ba masaka tsinke. Gidan Kawu bene ne da ba a ƙarasa samansa ba, rodi a tsaye suna jiran ranar da kuɗi za su zo, sai tankin ruwa a gefe. Nan na haye a daren farko. Ta gefe guda ga hasumiyoyi huɗu na Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, sun sha fitila. Ta wani gefen ga jirage suna sauka suna tashi, don filin jirgin yana nan kusa. Saman kuwa ta yi jaja-jaja da hasken gari, tauraron da ba gwarzo ba bai isa ya leƙo ba.

Duk da haka manyan suna nan, kuma ga mai koyo wannan ma wata gata ce, tunda ƙananan da ke rikita ido duk an share masa su. A wannan wata, da an sallame magariba duhu ya shigo, mutum ya fuskanci yamma ya ɗaga kai, zai ga taurari uku a jere, tazararsu ɗaya. Su ne ɗamarar Jabbaru, rukunin da Turawa ke kira Oriyon, kuma da su ake buɗe sauran. Sama da su akwai wani ja, ƙasa da su akwai wani fari tas mai ɗaukar shuɗi. A miƙe layin ukun zuwa hagu, za a faɗa kan Shi'ira, wadda duk taurarin dare babu mai haskenta, ita ce aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi. A miƙe shi zuwa dama, za a fara cin karo da Dabaran mai ja-ja, a wuce kaɗan sai ga Kaza da 'Ya'yanta a cure wuri guda, wato Surayya. Daga Shi'ira kuma a gangara kudu, ga Suhailu, na biyu a haske. A Kano iyakar tashinsa digiri 25, a nan yana kai 32, kuma bambancin yana ganuwa ko ba awo.

Awon ma ba wuya. A miƙe hannu sosai a dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne a sama.

Ina cikin haka Hajiya, matar Kawu, ta hawo kwashe shanya. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi inda nake nunawa da hannu.

"Kai ɗan nan, duba ka fara ne? Me uwarka za ta ce?"

"A'a Hajiya, hanya nake koyo."

"Hanyar ina, a sama?"

Kawu da ke biye da ita ya ce, "Ƙyale shi Hajiya. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, in ayari ya yi sammako, da me kike jin madugu ke sanin asuba ta kusa?"

Tambayar Hajiya ba ta banza ba ce, don a wurinmu da an ce taurari abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mai buga ƙasa da mai faɗa wa mutum ranar sa'arsa. Wannan daban, sanin gabas da yamma da shigar lokaci daban. Na biyun Suratun Nahli ta ambace shi ƙarara a aya ta 16, cewa da taurari mutane ke gane hanya. Abin takaicin shi ne tsoron na farkon ya sa mun yi watsi da na biyun, har yaro ya gama sakandare bai iya nuna arewa da dare ba.

Arewar ma a Akra sai an yi da gaske. Tauraron arewa, Jadyu, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, tsayinsa a sama daidai yake da nisan garin da kake daga layin da ya raba duniya biyu. A Kano ya ɗara dunƙule guda, a Akra rabin dunƙule ne kacal, ga shi ba wani haske gare shi ba. Daga rufin Kawu, abin da ke daidai wurin shi ne kwanon rufin maƙwabta da hayaƙin masu gashi.

Wanda ya mayar da hirar nan ta zama karatu wani dattijo ne, malamin makarantar allo a layin su Kawu, wanda shi ya karɓi waliccin ango. Da labari ya kai masa cewa baƙon Kano yana kwana kallon sama, sai ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi wata-wata ba ya fara jero manzilolin wata, wato masaukan taurarin da wata ke bi ta kansu, guda 28, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne kwana 13, in ban da Jabaha mai 14, a haɗa a sami 365. Da ya zo kan na damina har da kaɗa kai: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan.

Ya ce, "A takarda muka karɓe su daga malamanmu. Surayya na san ta da ido tun ina yaro. Sauran fa, suna nan kuwa?"

"Allah gafarta Malam, bakwai ɗin nan da ka lissafa, yau da dare duk suna kanmu."

Hawa benen ya ba shi wuya, gwiwa ta tsufa, sai da jikansa ya riƙe masa hannu. Muka shimfiɗa masa darduma ya jingina da tanki. Zira'a ta fi sauƙi, taurari biyu ne masu haske kusa da juna, ɗan arewa da tsakar ka, su ne kawunan tagwayen burjin Jauza'u. Ya gan su nan take. Hana'a tana ƙafafun tagwayen. Haƙa'a kuwa wasu ƙanana uku ne a kan Jabbaru, hasken Nima ya haɗiye su, sai da na ɗora masa madubi. Hannunsa yana rawa, taurarin suna ta tsalle, na ce ya dafa gwiwar hannu a kan bulo ya riƙe numfashi. Daga nan na kai shi Nasara, wadda ido ke gani ɗan dishi-dishi a wuri mai duhu, a madubi kuwa sai ta fashe ta zama taurari birjik. Ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke ya goge ido da gefen rawani ya ce a mayar da shi wurin, bai gama ba.

Sai kuma ya kawo tambayar da ta fi duk waɗanda aka yi mini a tafiyar nan. Yaya taurarin damina za su fito a tsakiyar bazara? Amsar ita ce, a wannan lissafi, idan aka ce tauraro kaza ya shiga, ana nufin rana ta sauka a yankinsa. Tare suke fitowa tare suke faɗuwa, haskenta ya rufe shi. Ke nan kwanakin tauraro su ne kwanakin da ba a ganinsa, sai bayan wata shida yake raba dare a tsakar ka. Dalili kuwa, duniya tana zagaya rana, don haka kowane dare taurari suna riga jiya fitowa da kusan minti huɗu, a wata guda awa biyu ke nan. Malam ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce to shi ma yana da tasa. Wannan ƙidaya ta ƙasar Hausa ce mai damina ɗaya. A Akra ruwa sau biyu yake zuwa, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarami wajen Oktoba, don haka manomin da ya jira Haƙa'a a nan kafin ya yi shuka ya makara. Ya yi gaskiya.

Kafin ya sauka ya ba mu labarin husufin rana na 29 ga Maris, 2006, lokacin da inuwar wata ta bi ta kan Akra da hantsi, ta ratsa Togo da Benin da arewa maso yammacin Najeriya da Nijar ta nufi Libiya. Ya ce suna cikin salla gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, waɗanda ke waje suka ga Gamzaki ya fito ƙiri-ƙiri. Gamzakin nan da Zara matar wata abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce, in ta riga rana fitowa a kira ta da wancan, in ta biyo bayanta da yamma a kira ta da wannan. Ita da sauran duniyoyi ba sa cikin kowane rukuni, yawo suke a tsakaninsu, kuma haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa.

Ɗan Kawu, taubashina, direban tasi ne, kuma shi ba ya yarda a bar shi a baya. Ya ce tun suna makaranta aka kai su ɗakin kwaikwayon sararin samaniya da aka buɗe a unguwar Kantonmen a 2009, saboda haka ba baƙauyen Kano ne zai koya masa sama ba. Ya zaro waya mai manhajar da ke zana zaki da kunama a kan taurari. Manhajar tana da amfani, ban musa ba, sai dai tana sa mutum ya ɗauka zanen nan gaskiya ne. Rukunan da duniya ke aiki da su yau 88 ne, ƙungiyar masana falaki ta duniya ce ta tsayar da jerinsu a 1922, aka wallafa iyakokinsu a 1930. Tushensu guda 48 ne da Baɗlaimus, masanin falaki na zamanin da, ya lissafa a Iskandariya, waɗanda Abdurrahman Assufi ya sake aunawa ya zana a littafinsa na shekarar 964, shi ya sa yawancin sunayen taurarin da ke cikin wayar Larabci ne da ya sha hanya. Taurarin da ke rukuni ɗaya kuma galibi ba maƙwabtan juna ba ne, daga inda muke tsaye ne kawai suka yi kamar sun jeru. Hasken Shi'ira shekara 8 da 'yan watanni yake yi kafin ya iso mu, na Suhailu kusan 310, na Kaza kusan 440, na taurarin ɗamarar Jabbaru ya haura dubu.

Bayan an kai amarya an watse, na ce masa in dai da gaske yake ya kai ni inda babu fitila. A nan ne Akra ta fi garuruwa da yawa sa'a: kudancinta duka teku ne, ba gida ba titi. Ranar Talata da la'asar muka ɗauki hanya ta Kaneshi da mahaɗar Malam da Waija, cunkoso kamar ba za a fita ba, kafin Kasuwa muka saki babban titi muka gangara Kokrobite. Talata ta yi daidai ta fuska biyu. Masunta a gaɓar nan ba sa shiga teku ranar, kwale-kwalensu duk suna kan yashi, sannan wuraren shaƙatawa da ke cika da kiɗa a ƙarshen mako sun yi tsit. An yi ruwa da safe ya wanke ƙura, wata kuma yana ƙarshensa, ba zai fito ba sai goshin asuba. Muka gaida wani dattijo da ke gyaran koma, taubashina ya yi masa bayani da yarensu, ya nuna mana bayan wani babban kwale-kwale da zai tare mana fitilun gari.

Sharaɗi na farko shi ne kowa ya kashe waya. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa allon waya sau ɗaya ya isa ya mayar da aiki baya. Tocilar da muka zo da ita na ɗaure mata jar leda a baki, don jan haske bai cika ɓata ido ba. Sai sauro, sai kuma gishirin da iska ke ɗorawa a gilashin madubi, wanda dole a riƙa rufe shi in ba a aiki da shi.

Muka zauna a tabarma, gari a bayanmu. Kafin a jima farin zanen nan da ya ratsa sama, Majarra, ya bayyana, ya taso daga gefen Jabbaru ya bi ta kusa da Shi'ira ya gangara cikin teku. Taubashina ne ya fara ihu wai ya ga Gicciyen Kudu. Ba shi ba ne. Akwai wasu taurari huɗu gabas da Suhailu masu siffar gicciye, sun fi na gaskiyar faɗi, sun kuma riga shi hawa, kusan duk sabon shiga sai sun yaudare shi. Na gaskiyar ƙarami ne, shi ne ma mafi ƙanƙanta a cikin 88 ɗin, dunƙule guda ya rufe shi, amma taurarinsa sun fi haske, kuma yana da shaidu: wasu manya biyu da ke biye da shi ta gabas suna nuna shi. Da farko a kishingiɗe ya fito daga ruwa ta kudu maso gabas, yana tafe yana miƙewa, sai wajen sha biyun dare ya tsaya cak. A wannan lokaci doguwar sandarsa tana nuna kudu sak. Shi ne a tutar Ostireliya da ta Birazil.

Daga cikin shaidun nan biyu, wanda ya fi nisa da gicciyen kuma ya fi haske shi ne Alfa Sentauri. Shi ne mafi kusa da rana a cikin taurarin da ido ke gani, tafiyar haske ta shekara huɗu da 'yan watanni. Wajen goma da rabi muka yi wani abin da na daɗe ina so: taurari huɗu mafiya haske a daren duniya duk suna sama lokaci guda. Shi'ira ta karkata yamma, Suhailu yana dab da nutsewa a kudu maso yamma, Alfa Sentauri ya ɗan ɗago a kudu maso gabas, Simakur Ramihi mai ruwan lemo yana gabas. Mutumin Landan ko zai shekara ɗari a waje, biyu daga cikinsu ba za su taɓa fito masa ba. A Akra kuwa, in mutum ya bi shekara, duk saman tana wucewa ta gabansa, in ban da ɗan da'irar digiri biyar da rabi da ke can ƙuryar kudu.

Madubi ya yi aiki a daren nan. Jikin gicciyen ta hagu akwai wani baƙin tabo a tsakiyar farin Majarra, ƙura ce mai kauri da ta tare hasken taurarin da ke bayanta. Kusa da shi akwai wani ɗan curi na taurari masu ƙyalli a matse. Sama da su kuma, abin da ido ke ɗauka tauraro ne mai hazo, Omega Sentauri, a madubi sai ya zama dunƙulen haske zagayayye, taurari ne miliyoyi a cure. Taubashina ya karɓi madubin ya ƙi mayarwa.

Da muka waiwaya arewa, ga Banatu Na'ashi bakwai sun hau, a kife kamar ludayin da aka ɗora a bakin ƙwarya. Larabawa makara suka gani a huɗun, da 'yan mata uku suna biye. Ta tsakiya a cikin ukun tana da wata 'yar ƙarama manne da ita, Suha, da ake gwada kaifin ido da ita. Biyun da ke bakin ludayin su ke nuna Jadyu, a ninka tazararsu sau biyar zuwa ƙasa. Muka ninka, muka faɗa kan bishiyoyin kwakwa. Kunama kuwa ta riga ta fito ta gabas, jar zuciyarta a gaba, ƙarin a lanƙwashe a baya. Ita kam ko ba manhaja kowa ya gan ta ya san kunama ce.

Washegari da rana ya ce shi ma sai ya nuna mini nasu, ya ja ni hanyar Nsawam zuwa Kuntunse. Wani ƙaton faranti ne fari mai faɗin mita 32, da can na sadarwar tauraron ɗan'adam ne, aka juya shi da haɗin gwiwar Afirka ta Kudu ya koma sauraron igiyoyin rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya, aka ƙaddamar da shi a Agustan 2017. Daga waje muka tsaya muka kalla. Shi hadari da hasken rana ba su cika damunsa ba.

Da na je sallama da Malam, na tarar ya tanadi wata tambayar. Shin akwai tauraron da zai gwada alƙiblar masallacinsu da shi, ba sai an dogara da waya ba? Daga Akra alƙibla tana kusan digiri 64 daga arewa zuwa gabas, wato gabas ce da ta karkata arewa da dunƙule biyu da rabi. Kaza da 'Ya'yanta kuwa suna ɓullowa a kusan digiri 66. Ke nan inda ta fito, nan ne alƙibla, da ɗan bambancin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, muddin an kama ta tana fitowa, kafin ta hau. A ƙarshen Maris faɗuwa take yi da dare, sai a ƙarshen Satumba za ta riƙa fitowa wajen ƙarfe tara, a ƙarshen Oktoba kuma dab da isha'i. Ya sa jikansa ya rubuta watannin a bangon littafi, ya ce sauran aiki shi ne a samo bene a Nima da ginin wani bai tare masa gabas ba.